Tarin Bawa Mai Rola

Duk wanda ya taɓa aikin kwalta a ƙasar Katsina ya san nonon hayaƙi. Babu likitan da ya rubuta shi, babu kamfanin da ya sa shi a takarda. Amma idan rana ta take tsaka, an shaƙi hayaƙin kwalta tun safe har maƙogwaro ya fara ɗaci, sai a kashe injina, a nemi inuwa a sha nono. Wai yana wanke ƙirji. Ko yana wankewa ko ba ya wankewa, wannan kuma Allah ne masani. Abin da na sani shi ne, ɗan kwangilar da ya taɓa wannan hutun na rabin awa ya nemi rigima da leburori.

Bawa mai rola ya fi kowa riƙe wannan al'ada. Mutumin Riko ne, shekararsa ashirin da huɗu a kan rola yana danne kwalta, kuma yana da wani tari da ake shaida shi da shi tun daga nesa, kafin ma a ji ƙarar injin. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, 'ya'yansa duk sun kama gabansu. Aiki ne ya kawo su Magama, bakin iyakar Jibiya, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a ɗaga musu shinge. Nauyinsu da birkinsu sun tura kwaltar wurin ta yi tudu da kwari kamar kunyar dankali. Wata biyu suka yi suna gyaran magudanar ruwa, suna faci da kwalta mai zafi ta ɓangaren gari, kuma a cikin wata biyun nan ne Bawa ya shiga uku.

Sunanta Indo. Bazawara ce mai kimanin shekara arba'in, kullum da safe ɗan kabu-kabu ke kawo ta daga tsallaken iyaka, wajen Ɗan Isa, da ƙorenta na nono da fura. Gindin wata bishiyar bedi take zama, da an kira azahar kuma ta haɗa kayanta ta koma. Tana da wani irin kallo na wadda ta riga ta san abin da za ka faɗa, tana jira ne kawai ta ga ko za ka iya. Bawa bai iya ba. Wata biyu cur, abin da ya taɓa haɗa shi da ita bai wuce "Sannu da rana" da "A ƙara ludayi ɗaya" ba. Mutumin da ke yi wa direban tirela tsawa ya ja da baya, shi ne idan ya tsuguna gaban ƙwaryar Indo sai ya koma kallon yatsun ƙafarsa.

Ba wai ba shi da shiri ba ne. Saura babban aikin, wato shimfiɗa sabuwar kwalta a gaban shingen, kuma a lissafinsa na tsohon hannu wannan aikin mako uku ne. Makon farko zai tambaye ta labarin garinsu. Mako na biyu zai ambaci cewa gidansa na Riko ya yi masa faɗi. Mako na uku ya faɗi maganar. Har ya tsara kalmomin, yana bitarsu a kan rola, inda ƙarar injin ke rufa masa asiri.

Sai ga Injiniya Mu'minat da sabuwar kwaltarta.

Ranar Litinin da safe tifar farko ta iso daga inda ake haɗa kwalta. Aka yaye tamfol, leburori suka ja da baya suna kare fuska kamar yadda suka saba, amma babu abin da ya taso. Babu shuɗin hayaƙin nan mai sa ido ruwa, babu warin da ke kama harshe. Bawa ya sauko daga rola, ya ɗora bayan hannunsa a saman tulin, ya fara ƙirga. Wannan shi ne ma'auninsa tun yana saurayi: kwaltar kirki ba ta barin ka kai biyar. Ya kai biyar, ya kai takwas, ya kai goma sha biyu, sannan ya janye hannun don kansa.

"Wagga kwalta ta mutu bisa hanya," in ji shi. "A maida ta inda ta hito."

Injiniya Mu'minat ta matso da hular kwano a kan mayafinta. Ba ta kai shekarun babbar 'yarsa ba, amma ba ta da gaggawar magana. Ta soka ma'aunin zafi a cikin tulin, ta nuna masa.

"Digiri ɗari da ashirin da biyar, Baba Bawa. Haka ake son ta. Wadda kuka saba tana kai ɗari da sittin, shi ya sa take ƙonewa tana hayaƙi."

"To, in ba ta yi zahi ba, mi za ya sa ta kama tsakuwa?"

"Kumfa. A wurin haɗawa ana fesa wa kwaltar ɗan ruwa kaɗan tana da zafi. Ruwan ya zama tururi, kwaltar ta kumbura ta yi kumfa, ta yi laushi, sai ta lulluɓe tsakuwa ba tare da an gasa ta sosai ba. Daga baya kumfar ta kwanta."

Bawa ya waiwaya ya dubi Lado mai manjagara, taubashinsa kuma abokin aikinsa na shekara da shekaru, don ya samu shaida.

"Ka ji, Lado? Ruwa cikin kwalta. Tun muna yara ake hwaɗa muna ruwa shi ne abokin gabar kwalta, yau kuma an ɗaura musu aure."

"Ai kowa na samun aure yanzu," in ji Lado, yana duban wajen bishiyar bedi. "Sai wanda bakinai ya yi nauyi."

Aka zuba kwaltar a injin shimfiɗa, Bawa ya hau rola yana ƙunƙuni. Ya bi ta sau ɗaya, ya dawo. A zuwa na huɗu ya ji abin da ƙugunsa ya saba ji sai a na takwas: ƙasa ta daina ba da kai, rola na tafiya sumul. Injiniya ta ɗaga hannu ta ce ya isa. Ya leƙa ƙasa yana neman tsaga ko gurbi, ko ɗan wurin da tsakuwa ta yi gardama. Babu. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

Da rana ta take, babu wanda ya yi tari, babu mai murza ido. Injiniya ba ta hana kowa nono ba, ita ba ta ma san da shi ba. Cewa kawai ta yi idan aka sauke tifofin da ke layi ba tsayawa, ƙarfe biyu kowa ya tashi. Leburorin da Bawa ya ɗauka za su tayar da ƙura, sai ga su sun zaɓi tashi da wuri baki har kunne. Al'adar da 'yan kwangila suka kasa kashewa shekara da shekaru, ta mutu ran nan ba wanda ya yi mata ko salati. Daga kan rola Bawa ya hango Indo tana ɗaure ƙorenta a bayan babur.

Da yamma kuma aka ƙarasa Bawa. Tunda kwaltar ba ta ɗauki zafi da yawa ba, ba ta daɗe ba ta huce, kafin la'asar aka buɗe wa motoci hannu ɗaya. Injiniya ta duba littafinta ta ce da wannan tafiyar, Litinin mai zuwa sun gama. Mako ukun Bawa ya koma kwana takwas, kuma babu ko rabin awa ɗaya a ciki da zai kai shi gindin bedi.

Kwana biyu yana neman dabara. Ran Laraba da ya idar da sallar asuba ya zauna yana jiran tarin da ke tashinsa kullum, wanda sai ya dafa bango yake lafawa. Tarin ya zo, amma ɗan kaɗan, kamar baƙon da ya leƙo ya ga ba a shirya masa ba. Maimakon ya yi hamdala, Bawa sai ya tsorata. Hujjarsa ɗaya tak ta zuwa wurin Indo ita ce take shirin guduwa ta bar shi.

Saboda haka da rana ta yi, ya tsayar da rola ya kama tari. Tari na gani na faɗa, da dafe ƙirji, da sunkuyawa, da girgiza kai. Injiniya Mu'minat ta rugo a tsorace da takunkumi a hannu, tana cewa a kai shi asibiti a Jibiya.

"A'a, Injiniya, tsohon hayaƙi ne ke motsi. Nono shika so. Minti goma."

"Ƙwarai kuwa," in ji Lado, ya jingina da manjagararsa. "Ciwon ga na san shi. Nonon wuri ɗaya kaɗai ke yi mishi magani."

Haka Bawa ya samu minti gomansa, ran nan da sauran ranakun. Sai dai minti goma ba ta isa mutum ya tambayi labarin gari ba, balle ya kai ga faɗin gida. Yakan tsuguna, ya yi tari biyu uku don kada a ce ya zo a banza, ya karɓi nono. Indo takan dube shi da kallon nan nata, ta ɗan daɗe fiye da da. Shi kuma ya ce "A ƙara ludayi ɗaya," ya tashi yana jin haushin kansa.

Sai ya koma ga fata na biyu, wanda ko Lado bai gaya wa ba don kunya: Allah ya sa titin ya lalace. Ita kanta Injiniya ta faɗa da bakinta cewa gwaji ne. An zaɓi Magama ne don babu wurin da ya fi shi cin kwalta, mota mai nauyi ta taka birki, ta tsaya cikin rana yini guda. Kuma abin da ake tsoro da kwaltar kumfa shi ne, idan damshi ya saura a jikin tsakuwa, ruwan sama na iya raba su, kwalta ta saɓule. In haka ta faru, sai a kankare a sake da mai zafi. Bawa ya ji wannan bayani kamar an yi masa albishir.

Ran Juma'a ya ga dama ta samu. Akwai wani lungu kusa da shingen da ido ba ya kaiwa, idan ya bi shi sau biyu maimakon huɗu, babu mai sani sai motoci. Ya bi sau biyu, ya juya kan rola zai wuce. Bai yi taku goma ba ya taka birki. Shekara ashirin da huɗu, babu titin da aka taɓa nunawa aka ce ga inda Bawa ya yi ha'inci. Ya ja tsaki, ya koma da baya, ya cika huɗun, har da gyara gefe. Hannunsa ya ƙi bin zuciyarsa, ya sauko yana zagin su duka biyun.

Da ya ga shi ba zai iya ba, sai ya sa rai ga Maɗugu. Maɗugu direba ne daga Maraɗi, motarsa ta sha lodin wake har tana tafiya a karkace, kuma takardunsa sun samu tangarɗa, an ce ya jira. Ran Asabar ya faka a kan sabuwar kwaltar, daidai tsakiyar rana. Bawa ya je har inda yake, ya gaishe shi da fara'ar da ba su saba ba.

"Buhu nawa ka ɗauko?"

"Kamyon ga? Ni kaina na bar ƙirga," in ji Maɗugu, yana duban motar tasa.

"Madalla. Kada ka matsa ko'ina, nan ya hi inuwa."

Maɗugu ya duba sama, ya duba ƙasa, babu inuwa ko ta tsinke. Ya ɗauka zafin kwalta ne ya taɓa mutumin, ya ce to.

Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka tafka ruwa irin na farkon damina, mai zuwa da fushi. Washegari Lahadi, kasuwar Jibiya, motocin hatsi da na dabbobi da babura masu jarkoki suka yini suna bin titin a jiƙe. Bawa ya yini cikin nishaɗi, har ya saya wa Lado tsire ba dalili.

Litinin da safe aka sallami Maɗugu, ya ja motarsa. Injiniya Mu'minat ta zo da wani dogon ƙarfe miƙaƙƙe, ta kwantar da shi a daidai inda tayoyin suka kwana biyu. Kowa ya taru. Ta durƙusa tana leƙen ƙarƙashinsa, sannan ta karɓi tsinken ashana a hannun Lado ta tura. Da ƙyar ya shiga. Ta sa aka huda titin aka ciro ɗan curi kamar gwangwanin madara, ta juya shi a hannu. Tsakuwa da kwalta sun riƙe juna gam, babu farin dutse ko ɗaya da ya tsiraita.

"Damina ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba," in ji ta, "za mu dawo mu duba bayan shekara. Amma wannan ya yi kyau. Baba Bawa, rabin aikin nan hannunka ne. Ban taɓa ganin danna mai kyau irin wannan ba."

Leburori suka yi shewa. Bawa ya tsaya, ƙirjinsa ya cika da alfahari da baƙin ciki lokaci guda, bai san wanne zai nuna a fuska ba. Tirelar da za ta ɗauki rola ta riga ta iso. Ƙarfe biyu za su bar Magama.

Bai nemi izinin kowa ba wannan karon. Ya nufi gindin bedi, ya tsuguna. Kalmomin da ya yi wata biyu yana bita suka watse, ko ɗaya bai samu ba. Da ya rasa abin yi, sai ya koma ga abin da ya iya, ya dafe ƙirji ya saki tarin da ya fi na kullum.

Indo ta ajiye ludayi.

"Malam Bawa, bar tarin ga hakanan, kada ka ji ma maƙoshinka ciwo a banza."

Tarin ya tsaya cak.

"Shekara bakwai ina kwana ɗaki ɗaya da tarin kwalta," in ji ta. "Maigidana, Zakari, Allah shi jiƙan shi, aikinku shika yi can wajenmu. Na san na sahe, na san na sanyi, na san wanda ke zuwa da jini. Na gaske daga ƙasa shika tasowa. Naka na kwanan ga daga wuya ne, kuma sai ka dubi mutane kahin ka hwara."

Bawa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce, "Allah shi gahwarta mishi," don ita kaɗai ce maganar da ta zo masa.

"Amin. Na ba shi nono har shanun garinmu sun gaji da ni. Bai wanke komi ba."

"To, mi ya sa kike kawo muna?"

"Don in kun zo sha, kuna zamnawa inuwa rabin awa ba ku shaƙi komi ba. Maganin da ke ciki ke nan, babu wani."

Ta ɗauki faifai ta rufe ƙwarya ɗaya, ta buɗe wata ƙarama da ke gefe, wadda bai taɓa ganin ta buɗe wa kowa ba. Muryarta ta sauka.

"Ran da ka hwara zuwa na ji tarinka, irin nashi ne sak. Na ce ma raina, Indo, kin yi jinya ɗaya kin rufe, ba ki yin ta biyu. Wata biyu ina ganin bakinka na motsi, ina roƙon Allah kada ka samu ƙarhin hwaɗi, don in ka hwaɗi sai in ce a'a, kuma ba ni son in ce." Ta ɗago ta dube shi, idonta ya ɗan kawo ruwa, amma dariya ce a bakinta. "Sai ran Laraba na ji ka yi na ƙarya. Wallahi ban taɓa jin tari mai daɗi kamar shi ba. Na ce, mutumen ga har sai ya nemi tari kahin ya samu."

Sai a lokacin Bawa ya gane sabuwar kwaltar ce ta rage masa tari. Shi da ya kwana takwas yana tsine wa kwaltar kumfa, yana roƙon ruwa da rana da motar wake su taru su kashe ta.

"Ba ka warke ba tukuna," in ji Indo, "kada ka ruɗi kanka. Ka tahi asibitin da ɗiyar nan ta ce. Kuma ka tambaye ta inda za a kai kwaltar ga marar hayaƙi, duk inda ta yi ka bi ta. In ka koma ma waccan, kada ka biyo ta nan." Ta gyara mayafi, ta kawar da kai wajen shingen. "Yayana Isah na nan Ɗan Isa, bayan masallacin Juma'a. Ran Juma'a ba shi zuwa ko'ina."

Daga can bakin titi Lado ya ƙwala kira, wai tirela na jira, ko a ɗora rolar ne a bar mai ita. Bawa bai ko waiwaya ba. Ya ja numfashi don ya yi magana, numfashin ya tafi har ƙasa bai sarƙe a ko'ina ba, abin da ya manta rabonsa da shi.

"Indo," in ji shi. Karo na farko ke nan da ya kira sunanta. "Gidana na Riko ya yi mini hwaɗi."

"Na sani. Lado ya hwaɗa mini tun watan jiya."

Ta cika ludayi daga ƙaramar ƙwaryar, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa, ya shanye tas, bai yi tari ba.